Ranar da na faɗi sunanta a rediyo

Assalamu alaikum. Shekara ashirin ke nan ina ɗauke da wannan labari a ciki. A garinmu babu wanda bai san shi ba, amma ban taɓa zama na ba da shi da bakina daga tushe ba. Ba zan faɗi sunan garin ba, ba zan kama sunan kowa ba, domin da yawa cikin waɗanda abin ya shafa sun riga mu gidan gaskiya, sauran kuwa sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci.

A arewacin jihar Maradi aka haife ni, can inda gonaki suke ƙarewa dajin kiwo ya fara. Hausawa ne suka fi yawa a cikin gari, amma ranar kasuwa sai ka rasa harshen da ya rinjayi wani: ga Fulani da nono da man shanu, ga Buzaye da raƙuma da kanwa. Ina da wayo aka yi yunwar 1984, wadda muke kira El Buhari saboda a shekarar ce Najeriya ta rufe iyaka. Baba ya sayar da awaki, ya sayar da jaki, har tasoshin Inna sun tafi kasuwa, amma rediyonsa ya ce ko kusa. Idan batir ya yi sanyi ni ake aike in shanya shi a rana kan danga. Da dare maza su taru a ƙofar gida a ji BBC, a ji Jamus, a ji Kaduna, a ji Muryar Sahel daga Yamai. Mun san abin da ke faruwa a Landan da Beirut. Sunan garinmu kuwa bai taɓa fitowa daga akwatin nan ba ko da kuskure.

Lakwal ban yi nisa ba. Sau biyu ina faɗuwa jarabawar aji shida, daga nan na bi sahun 'yan cirani. Na yi ga-ruwa a Kano, na taya wani mai shayi aiki a Legas, na dawo gida da faransanci ɗan kaɗan da rubutun boko da ajami, sai bakin magana wanda tun ina yaro Inna ke cewa shi zai ja mini duka.

Ina dawowa na tarar ana ta zancen rediyon karkara. An ce a 1999 an kafa irinsa na farko a Bankilare, can yamma a jihar Tillaberi, da taimakon PNUD, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da wasu ƙungiyoyi, kuma ana shirin baza guda 160 a faɗin Nijar. Dattawa suka ce tatsuniya ce, garin da ba shi da wutar lantarki ina zai kai gidan rediyo? Sai ga shi a 2002 abin ya iso mana. Mu muka buga tubali, mu muka gina ɗaki biyu na laka, mata suka yi ta jido ruwa daga rijiya. Kayan aikin kaf a cikin akwati ɗaya suka zo, kamar akwatin matafiyi: na'urar haɗa murya, wurin sa kaset biyu, makirfo, da ɗan abin da ke tura murya sama. Aka kafa dogon ƙarfe a tsakar fili, aka shimfiɗa faifan hasken rana a kan rufi, aka jera batura a ƙuryar ɗaki. Akwai wani akwatin kuma na WorldSpace mai kamo shirye-shirye daga tauraron ɗan'adam, mu saurara mu juya su zuwa harshenmu. Aka raba wa ƙungiyoyin mata rediyon Freeplay, wanda ake murɗa wa hannu ya yi magana ba tare da batir ba.

Mu bakwai aka zaɓa, aka ba mu horo na 'yan kwanaki. Huɗu muna Hausa, biyu Fillanci, ɗaya Buzanci. An gaya mana tun ranar farko cewa aikin sa-kai ne, babu albashi, kuma ƙa'idar da aka ba mu izini a kanta ba ta yarda mu yi labaran siyasa ba. Muka ce mun ji mun yarda. Lokacin ko kuɗi aka ce in biya in zauna gaban makirfon nan, da na biya.

Wanda ya taso da salula a aljihu ba zai gane abin da ya faru a daren da muka fara ba. Abokin aikina Bafulatani ya yi sallama da Fillanci, ya gai da rugage ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ranar kasuwa wani tsohon Bororo ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi shigowa, ya ce shi dai a nuna masa yaron da ke cikin akwati yana magana irin tasu. Da aka nuna masa sai ya riƙe hannunsa ya daɗe bai sake ba. Muryar Sahel tana da shirye-shirye da harsunan ƙasa, ba a ce babu ba, amma wannan muryar ta san sunan rijiyarsa.

Muna buɗewa da safe sa'o'i kaɗan, mu rufe batura su sha rana, mu sake buɗewa bayan magariba. Muryarmu ba ta wuce tafiyar yini ɗaya a kan jaki ba, amma a cikin da'irar nan mu ne komai. Raƙumi ya ɓata, a zo a faɗi shaidar da ke wuyansa, kafin kwana biyu an gan shi. Haihuwa, suna, ɗaurin aure, rasuwa, ranar allurar rigakafi, farashin tiyar hatsi a kasuwanni uku. Sanarwa dala ɗari, gaisuwa dala ashirin. Ga 'yan'uwa na Najeriya, mu da dala muke ƙirga sefa, dala ɗaya tamma biyar, jika ɗaya kuwa sefa dubu. Abin da na fi alfahari da shi shi ne sanarwar ranar sakin gonaki. Duk wanda ya girma a jihar Maradi ya ji labarin Toda a 1991, inda aka kashe Fulani fiye da ɗari a rikicin manoma da makiyaya. Mu a wurinmu, da zarar sarki da hakimai sun tsayar da ranar da dabbobi za su shiga gonaki, sai mu yi ta maimaita ta da harshe uku har mako guda, mu kira burtali da sunansa. Ba wanda zai ce bai ji ba.

A nan ne kuma ciwona ya samo asali. Mutane suka fara kirana Ɗan jarida. In na ratsa kasuwa a miƙo mini goro, tsofaffin mata su ce in gaishe su da dare. Kowa ya ɗauka Turawa na biyanmu duk wata, ni kuma ban taɓa ƙaryatawa ba, don zaton ya yi mini daɗi. Gaskiyar magana, abin da ake tarawa na sanarwa a ruwan batir da kaset da gyara yake ƙarewa, in an rage wani abu a raba mana kuɗin sabulu. Riga biyu gare ni, kullum a goge da dutsen guga na gawayi. Da wannan sunan na yi aure a 2002, shekara na zagayowa Allah ya ba mu 'ya mace.

'Yar fari ce. Kun san al'adarmu, uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya nuna ya damu da shi. Ranar suna ma barin gidan na yi. Ni da uwarta "yarinyar nan" muke ce mata. In ba kowa a tsakar gida nakan ɗauke ta in ɗora a cinya, ta kama gemuna tana dariya, ina jin motsin Inna in sauke ta kamar na yi sata.

Daminar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, sannan fara ta sauko. Wanda bai ga farin dango ba ba zai yarda ba: rana tsaka gari ya yi duhu, ka ji gona tana ƙara kamar ana yayyafi a kan kwano. Gonar da nake samun dami arba'in, dami shida na ɗaure. Kafin bazara rumbu ya koma wurin kwanan kaji. Kiwo ya lalace, Fulani suka riƙa kawo saniya suna bayarwa a kan kuɗin da bai kai na buhu ɗaya ba. Da damina ta kama a 2005 buhun hatsi ya haura jika talatin a kasuwarmu. Mata suka shiga daji neman anza, a jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan ɗacin kafin ta ciwu, a haɗa da tafasa da jiga. Gwamnati ta kawo hatsi mai rahusa, amma rahusa sai mai kuɗi a hannu.

Abokan aikina suka watse ɗaya bayan ɗaya. Bafulatanin ya bi ragowar shanunsu kudu, Buzun ya nufi Agadas, sauran suka tsallaka Najeriya. Muka rage mu biyu. A cikin haka shugaban kwamitin rediyo ya kira mu ya ce an yi masa magana daga sama: kada a ji kalmar yunwa ta fita daga gidan nan, a ce ƙarancin cimaka. Ya ce in muka ja aka rufe gidan, wa gari ya waya? Ban ga laifinsa ba a lokacin, yanzu ma ban gani sosai ba, tsoro ne irin na kowa. Na ce to. Na zama gwanin faɗin ƙarancin cimaka, har da ɗan kari a murya.

A gida kuma maiɗakina ta samu ciki yarinyar ba ta isa yaye ba, abin da muke kira rurrutsa, wasu su ce kwanika. Aka cire ta daga nono rana ɗaya aka kai ta ɗakin Inna, kamar yadda aka saba. Kunun da ake dama mata ruwa ne da ƙurar gari. Gudawa ta kama ta, ta tsaya, ta dawo. Gashinta ya yi ja ya yi laushi. Ta daina kuka mai ƙarfi, ta daina wasa, sai ta zauna inda aka ajiye ta tana kallon mutane. Daga baya ƙafafunta suka kumbura. Inna ta ce haƙora ne, ta ce kuma nonon ciki ne ta sha, aka nemo saiwoyi aka jiƙa.

Ni na san ba haƙora ba ne. Wannan shi ne abin da ban taɓa faɗa a fili ba sai yau. Na sani, domin ni nake karanta shi. Ƙungiyoyin agaji sun aiko mana da takardu da kaset a kan tamowa, ni na juya su Hausa, ni nake jera alamomin duk dare: jan gashi, kumburin ƙafa, yaro ya ƙi abinci. Ni nake cewa iyaye mata, kada ku yi jinkiri, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun buɗe wuri a garin Dakwaro, magani kyauta ne. In rufe tasha in dawo gida in wuce ta a kwance a kan tabarma.

Me ya hana ni? Na daɗe ina ba kaina amsoshi masu daɗin ji. Na ce babu kuɗin mota. Na ce in na tafi wa zai riƙe rediyo. Na ce uba ba ya rawar jiki a kan 'yar fari, Inna ce mai magana. Duk akwai gaskiya a ciki, amma ba su ne ba. Kunya ce. Ina tunanin matan ƙauyukan da suka san muryata za su gan ni a layi da 'ya a hannu kamar tsumma, su ce ashe Ɗan jarida ma gidansa babu. Shekara uku ina gina wannan suna da rigar guga, na kasa rushe shi a yini ɗaya.

Wani dare maiɗakina ta tare ni a bakin ɗaki. Mace ce mai kawaici, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Ta ce: "Malam, na ji ka ɗazu a rediyon maƙwabta. Matan gari kake aikawa Dakwaro. Mu ba matan gari ba ne?"

Ban ba ta amsa ba. Na fita na tsaya a bayan gida har aka yi kiran assalatu. Da gari ya waye na ɗauki rediyon Baba, wanda ya ƙi sayarwa a El Buhari, na gada bayan rasuwarsa, na kai wa mai shago. Ya ba ni abin da ya ba ni. Muka hau amalanke zuwa inda ake samun mota.

A wurin likitocin na ga abin da ban taɓa gani ba. Rumfunan tamfol, mata ɗaruruwa zaune a ƙasa, kuma wurin shiru, don yaran ba su da ƙarfin kuka. Wata ma'aikaciya ta naɗa wa yarinyar wani ɗan zare mai launi a dantse, ya tsaya a kan ja. Ta danna ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta ɗago ta dube ni, ta tambayi tun yaushe ƙafar ta kumbura. Da na buɗe baki na ce kwana ashirin, wata mata a bayana ta ce: "Lā, wannan ba muryar rediyo ba ce?" Abin da na yi wata biyu ina gudu ke nan. Ya zo, ya wuce, ko minti ɗaya bai ɗauka ba. Matar ma cewa ta yi Allah ya ba ta lafiya, ta gyara goyonta.

Yaran da aka kawo da wuri, wani kwaɓin gujiya da madara ake ba su a 'yar leda, Plumpy'Nut, uwa ta karɓi na mako ta koma gida. Na ga yaran da suka tashi da shi. Tamu ta wuce nan. Aka kwantar da ita, aka sa mata siririn tiyo ta hanci ana ba ta madara kaɗan kaɗan. Sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu. Kwana uku ta yi. A can aka yi mata sutura, ni da wasu mutum huɗu da ban san su ba muka sallace ta.

Mun iso gida da la'asar washegari. Bayan magariba ƙafata ta kai ni gidan rediyo ba tare da na yi shawara da kowa ba. Abokin aikina ya ce in koma gida, na ce ya ba ni kujera. A al'ada ba a kawo sanarwar rasuwar ƙaramin yaro, ta manya ake yi. Na ciro dala ɗari cikin canjin kuɗin rediyon Baba na sa a akwatin sanarwa, na rubuta a littafi kamar kowa. Na buɗe makirfo na yi Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na ce ni wane ina sanar da rasuwar 'yata. Sai na faɗi sunanta. Tun da aka raɗa mata shi bai taɓa fita daga bakina ba. Ya yi mini nauyi a harshe kamar baƙon harshe, na sake faɗa. Na ce shekararta biyu. Na ce ba haƙora ba ne, ba mayu ba ne, ba ƙarancin cimaka ba ne, yunwa ce, kuma ubanta ya ga alamun ya zauna saboda kunya. Na ce duk mai yaro da kumburin ƙafa ya tashi gobe da asuba, in babu kuɗin mota ya zo gidan rediyo a san yadda za a yi. Ban san me na ƙara faɗa ba. Abokin aikina ne ya miƙo hannu ya sa kaset na karatun Alƙur'ani.

Da safe mata goma sha ɗaya muka tarar a ƙofar tasha da 'ya'yansu, har da wata Bafulatana da ta kwana tana tafiya. Hausarta ba ta da yawa, ashe wata maƙwabciyarta ce ta fassara mata. Wani ɗan kasuwa mai mota ya kwashe su bai karɓi ko dala ba. Ban san nawa suka rayu a cikin yaran ba, na dai san uku, ɗaya yanzu yana da shagon cajin waya.

Kwamiti ya dakatar da ni wata uku. Inna ta yi kwana bakwai ba ta amsa gaisuwata ba, ba don maganar yunwa ba, don na kama sunan 'yar fari duniya na ji. Bayan 'yan kwanaki muka ji a BBC shugaban ƙasa Tandja Mamadou yana cewa babu yunwa a Nijar. A cikin watan Agustan shekarar aka fara rabon abinci kyauta. Na shiga layi da buhuna a hannu da rigar da ba guga.

Maiɗakina ta tafi gidansu haihuwa ta yi wata bakwai ba ta dawo ba. Ban aika biko da wuri ba, don ban ga da wace fuska zan aika ba. Da ta dawo da ɗa namiji a baya ba ta tayar da maganar ba, har yau kuma ba ta tayar ba. Wani lokaci nakan so ta zage ni ko sau ɗaya.

Rediyon ma bai tsira ba. Baturan suka mutu a 2007, masu tallafi sun riga sun tattara sun koma wani aikin, WorldSpace ɗin ya yi shiru daga baya da kamfanin ya karye. Gidan ya zama wurin kwanan awaki. Na tafi Libiya na yi aikin gini a Sabha har yaƙin 2011 ya koro mu. Da na dawo na tarar matan asusun Mata Masu Dubara sun haɗa kuɗi da 'yan cirani sun sayi sababbin batura. Su ne suka aiko a kira ni, ba kwamiti ba.

Yanzu kaset ya tafi, a ɗan katin waya muke ɗaukar shiri, masu saurare suna bugo waya kai tsaye, wasu su turo murya ta WhatsApp daga Aljeriya a sa wa iyayensu. Albashi dai har yanzu babu, ina noma ina kiwon tumaki. Yara matasa huɗu nake koya wa aiki, biyu mata ne, ɗaya Bafulatana. Ranar farko nakan buɗe musu tsohon littafin sanarwa na 2005, wanda gara ta ci gefensa, in nuna musu layin da na rubuta da hannuna, da dala ɗari a gabansa.

Duk ranar Laraba da dare ina da shiri a kan lafiyar yara. Idan damina ta yi tsakiya, lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba, da maza nake magana, ba da mata ba. Bara wani magidanci ya bugo waya ana cikin shiri, ya ƙi faɗin sunansa, ya ce ɗan wani abokinsa ne ƙafarsa ta kumbura, yana tambaya ko haƙora ne. Na ce masa ya gaya wa abokin nasa ina nan ƙofar tasha da babur bayan sallar asuba. Ya yi shiru, ina jin numfashinsa a waya, sannan ya ce to, zai zo.